Shekarar da Na Mayar da 'Yata Aji Biyu

Da kunne na zaɓa wa 'yata makaranta, kuma har yau idan na tuna sai haushin kaina ya taso mini sabo. Mijina soja ne. Shekarar da aka tura su arewa maso gabas ya ce kada mu zauna a bariki mu kaɗai, mu koma gida Zuru. Ƙauyenmu yana can wajen Kanya, amma a shekarun nan ƙauyen ba ya zaunuwa. Don haka na kama ciki da falo a cikin gari, na kafa keken ɗinkina a baranda, ni da 'yata tilo mai shekara tara.

Firamaren gwamnati biyu ne kusa da mu, ɗaya a gabas da gidan, ɗaya a bayan kasuwa. Makarantar kuɗi kuwa ban ko kalli ƙofarta ba, na san ƙarfina. Wata safiya na ɗaura ɗankwali na je duba su. Ta bayan kasuwa na same ta shiru, fentinta ya koɗe, awaki kwance a baranda. Ban ko shiga ba. Ta gabas kuwa tun daga bakin titi nake jin ta. Muryoyin yara na tashi gaba ɗaya, wannan aji na rera lissafi, wancan na rera sunayen jihohi, har kwanon rufin yana amsawa. An shafa wa duwatsun da ke kewaye da tuta farar ƙasa. Na tsaya a gindin wata darbejiya ina murmushi ni kaɗai, na ce a raina, to, nan ake karatu. Washegari na kai 'yata, aka sa ta aji uku.

Shekara biyu ban ga abin da zai tayar mini da hankali ba. Duk ƙarshen zango za ta kawo takardar sakamako, ta uku, ta huɗu, ta uku. Littattafanta cike fal da rubutu mai kyau, kowane shafi da alamar jan biro. Da ta shiga aji biyar aka naɗa ta monita, ita ce shugabar ajin. Ni kuwa ban bar kowa ya huta ba. Mai kawo ɗinki ba za ta tafi ba sai na kira yarinyar ta jero mata jihohi da manyan biranensu. A zumuntar mata a coci, ko zancen girki ake yi sai na san yadda na karkato shi ya biyo ta kan 'yata. Idan babanta ya samu sabis ya kira, sai ta buɗe littafi ta zuba masa shafi guda da Turanci ba tuntuɓe, ina jin sa yana cewa abokansa su matso su ji.

Za a ce ina nake duk wannan lokaci, ni da na gama sakandare. Ina kan keke. Ina duba jan biro in rufe littafi. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan.

Ranar da abin ya fito fili, kaka ta yi, an fara yankan dawa. Kusan sati uku ke nan ba mu ji daga mijina ba, kuma duk matar soja ta san abin da sati uku ke yi wa cikin mutum. Da rana tsaka ina tuƙa tuwo sai waya ta yi ƙarar shigowar saƙo a kan tabarma. Hannuna biyu na kan muciya, na ce wa yarinyar ta duba. Ta ga hotonsa ta ce, "Baba ne!"

"Karanta mini, maza."

Ta riƙe wayar, ta ƙura mata ido, sannan ta ce, "Ya ce yana lafiya. Yana gaishe mu. Ya ce mu ci gaba da addu'a."

Na gode wa Allah, na ƙarasa tuƙina da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Sai bayan mun ci abinci na ɗauki wayar don in ga maganarsa da idona. Abin da ya rubuta shi ne an canza musu wuri, ba zai samu zuwa Kirsimeti ba, kada in gaya wa yarinya tukuna. Babu gaisuwa, babu zancen addu'a.

Abin kunya, tunanin farko da ya zo mini alfahari ne. Na ce ka ga yarinya mai hankali, ta karanta ta ɓoye mini don kada raina ya ɓaci. Na kira ta don in rarrashe ta, na ce, "Kin ga abin da babanki ya ce game da Kirsimeti?"

Fuskarta ta washe. "Zai zo?"

Na ce ta ɗauko littafin da take karanta wa babanta. Ta buɗe ta fara zubawa kamar kullum. Na sa yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin na ce, "Wannan fa?" Ta koma farkon shafi ta soma daga can, tana ƙirgowa a hankali har ta iso inda yatsana yake. Na rufe littafin, na ɗauki biro na rubuta "ruwa" a tafin hannuna na nuna mata. Ta kalli hannun, ta kalle ni. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya, monitar aji biyar, ba ta iya karanta ruwa ba. Na mare ta. Ban taɓa marin ta a fuska ba sai ranar, kuma ba ita ya kamata a mara ba.

Sati biyu na yi ina ƙoƙarin koya mata da kaina. Duk yamma idan na tashi daga keke sai mu zauna da alli da bayan faranti. A nan na gane iya karatu daban, iya koyar da shi daban. Ni ban san yadda aka yi na iya ba, na dai tashi na ga na iya. Zan nuna mata baƙi sau goma, ta faɗa sau goma, in goge in sake rubutawa ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganin sa ba. Ga ni da saurin hannu. Kowane zama da kuka yake ƙarewa, wani lokaci nata, wani lokaci na mu biyu. Ta kai idan ta ga na ɗauko faranti jikinta ya fara ɓari. Na ajiye allin don na ga zan ƙarasa abin da ya rage.

A wajenmu akwai golmo, noman da saurayi da abokansa suke yi wa iyayen yarinyar da yake nema shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Idan 'yan golmo suka tashi daga gonarmu, marigayi mahaifina ba ya duba kunyoyin bakin hanya, don ya san nan kowa ke zuba ƙarfinsa. Tsakiyar gona yake shiga, ya sa ƙafa ya ture ƙasa ya ga ko ciyawar cire ta aka yi ko binne ta. Na tuna da shi wata safiya ina saka zare a allura, na ajiye ɗinkin mutane na nufi makarantar. Ban bi ta ofis ba, na zaga ta baya na tsaya a tagar aji biyar.

Babu malami a ajin. 'Yata ce a gaban allo da sanda a hannu. An cika allon da Turanci daga sama har ƙasa. Ta ɗaga murya ta faɗi layi, yara su amsa gaba ɗaya, ta faɗi na gaba, su amsa. Wannan ce muryar da na ji daga bakin titi shekara biyu da suka wuce. Sandar kuwa tafiyarta take da kiɗan muryar, tana iya kaiwa ƙarshen layi na uku alhali bakin yana tsakiyar na biyu, kuma babu wanda ya lura, don babu wanda ke kallon allon. Na fara ƙirga kawunan yaran na gaji na bari. Da aka gama rerawa suka buɗe littattafai suka hau kwafa. Na kalli yarinyar da ke kusa da tagar. Ta ɗaga kai ta kalli baƙi ɗaya, ta sunkuya ta zana shi, ta sake ɗagawa, yadda nake kwaikwayon surfani a wuyan riga. Haka aka cika littattafan da nake nuna wa mutane.

Malamin na same shi a aji huɗu, don shi ke riƙe da ajin biyun. Matashi ne, idonsa ja, muryarsa ta dishe. Na ja shi baranda na ce, "Malam, 'yata ba ta iya karatu ba."

Bai yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce, "Madam, ba ita kaɗai ba ce."

"To ta yaya take zuwa ta uku?"

"Sati guda kafin jarrabawa muna rubuta musu tambayoyin da amsoshin a allo, su haddace. Ta fi su riƙe abu a ka, rubutunta kuma na da kyau." Ya share gumi da bayan hannu. "Aji biyar ba a koyar da baƙaƙe, an wuce nan. Manhaja aka ba ni in ƙare. In na tsaya koya musu a da ba, wa zai ƙare mini ita?"

Na wuce ofishin hedimasta raina a ɓace. Dattijo ne mai fara'a, ya ba ni kujera ya ce, "Maman monita, mi ya kawo ki da hantsi haka?" Na faɗa masa. Ya buɗe rajista ya nuna mini sunanta, ba ta taɓa fashi ba. Ya nuna mini sakamakonta. Ya juya ya nuna mini kofin fareti da makarantar ta ci, yana kan kabad an goge shi yana walƙiya. Ya ce, "Ɗiyarki na cikin na gaba-gaba. Kwantar da hankalinki, in ta shiga sakandare kanta zai buɗe."

Na ce, "Yallaɓai, kofin nan ya iya karatu?"

Fara'ar ta ragu. Ya ce su ba su mayar da yaro baya, kowa tafiya yake da ajinsa, iyaye ma ba sa so. Na fito ban yi masa sallama ba.

A hanyar gida lissafin da ke kaina ɗaya ne. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta gama firamare. Daga nan za a tura ta sakandare da wannan kai, ta zauna a bayan aji tana zana abin da ba ta sani ba har ta gaji ta bari. Na san irin waɗannan 'yan mata, suna zuwa wurina koyon ɗinki, in ba su takardar awo su riƙe ta suna murmushi. Na yi tunanin mayar da ita makarantar bayan kasuwa, sai na tambayi kaina da me zan auna ta, ni da kunnena da idona suka riga suka yaudare ni sau ɗaya.

Abin da na yi daga nan, har yau akwai matan unguwa da ke tsokana ta da shi. Na yanka kwalin sabulu gida uku, na rubuta akuya a ɗaya, kasuwa a ɗaya, tukunya a ɗaya, da manyan baƙaƙe. Kalmomi ne da duk yaron Zuru ya sani, ko da wane yare ake yi a gidansu. Na fara da makarantar bayan kasuwa, lokacin tashi, na tsaya a ƙofa ina tare yara. Kwana biyu na yi a can, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Sannan na dawo ƙofar tamu. Masu sayar da awara da rake suna ta dariya, wata ta ce ko gwamnati ce ta aiko ni. Na tare manya, 'yan aji shida masu tsawo kamar ni. Wani ya ce gilashinsa na gida. Wata ta kalli kwalin ta ce sabulu, don ta ga bayansa. Da yawa suka ruga. Hedimasta ya fito ya ce wannan ba tsari ba ne, sai na tsallaka titi na ci gaba daga can.

A rana ta biyu a ƙofar makarantar tamu wata 'yar mitsitsiya da majina a hanci ta tsaya a gabana ba tare da na kira ta ba. Ta sa yatsa a kan kwalin ta ce, "Tu. Kun. Ya. Tukunya!" Ta kalle ni tana jiran in ba ta wani. Na ba ta, ta karanta. Na ce ajinta nawa, ta ce biyu. Kafin yara su watse na samu irinta kusan guda takwas, kuma in ban da ɗaya ko biyu, duk 'yan aji biyu ne ko waɗanda suka fito daga cikinsa bara.

Aji biyun yana can ƙarshen makarantar kusa da bayi, iska ta ɗauke rabin rufinsa. Na sha wucewa ta wurin, ban taɓa jin motsi ba, na ɗauka ɗakin ajiya ne. Da na leƙa washegari sai na ga yara zube a ƙasa ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da tulin murafen kwalba a gabanta. A cikin kowane murfi an rubuta gaɓa ɗaya, ba, ko, ru, wa. Suna jera su suna haɗa kalma, suna gardama ƙasa-ƙasa. Malamar tsohuwa ce, 'yar ƙarama, da hijabi da ya sha wanki, tana bin su a durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka fita tara ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ce, "Ke ce mai kwali?"

Na ce ni ce. Na ba ta labari tun daga saƙon waya, ban ɓoye marin ba. Na roƙe ta ta riƙa koya wa 'yata bayan an tashi. Ta ce daga Manga take zuwa kullum a kan mashin, maigidanta kuma na kwance ba lafiya, ana tashi take kama hanya.

"Sai dai ki kawo ta nan ta zauna da wa'annan," ta ce, tana nuna yaran da ke wasa a waje. "Amma ki ji da kyau, ɗiyata. Wata biyar ya rage mani, ƙarshen zango na biyu nike aje aiki. Ban yi maki alkawarin za ta iya ba, babba ya fi ƙarami wuyar koyo, don ya riga ya koyi ɓoyewa. Abin da na tabbatar shi ne za ta sha kunya. Kuma ke za ta tsana, ba ni ba. Kin iya ɗauka?"

Na ce zan iya. Ban san abin da nake faɗa ba.

Ranar Lahadi mijina ya samu kira. Na gaya masa komai da sauri don kada layin ya yanke. Ya ce, "Yarinyar da ke karanta mini littafi a waya? Haba, uwargida. Kada ki kunyata mini ita a gaban sa'o'inta. Ki bari in dawo." Na ce yaushe. Shi ma bai sani ba. Layin ya yanke. Tun da muka yi aure ban taɓa tsallake maganarsa a kan abu babba ba, amma ranar Litinin na koma ofishin hedimasta na zauna, na ce ba zan tashi ba sai ya mayar da sunan 'yata rajistar aji biyu. Sai wajen azahar ya gaji da ni. Ya sa na rubuta da hannuna cewa ni na nema.

Da na gaya mata a gida ta durƙusa ta riƙe ƙafata. "Mama, don Allah. Zan koya, zan koya a gida, ki doke ni ma, ba zan yi kuka ba. Mama, ni ce monita." Na ɓamɓare hannunta daga ƙafata. Washegari na riƙe ta a wuyan hannu muka ratsa filin makaranta, ta gaban tagar aji biyar inda duk suka taso suna kallo, har ɗakin da ba rufi. Da ta zauna a ƙasa cikin yaran, kanta ya ɗara na kowa da taƙi guda. Kafin a tashi ranar sun raɗa mata suna, kakar aji biyu.

Daga ranar ta daina yi mini magana. Ba gardama, ba rashin kunya. In na aike ta za ta je, in na zuba abinci za ta ci, in na yi tambaya za ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Ta fita daga ƙungiyar waƙa ta yara a coci. Ƙawayenta suka daina biyo mata. Idan babanta ya kira sai ta ce masa lafiya lau ta miƙo mini wayar, shi kuma ya ce da ni, "Kin ga abin da na faɗa miki?" Kirsimeti ya zo ya wuce, na ɗinka mata riga mai kyau, ta sa ta zauna a ɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san ko abin yana aiki ba. Sau ɗaya na ajiye kwalin sabulu a gabanta, ta kalli bango har na ɗauke. Na je wurin malama, ta ce, "Kada ki gwada ta a gida, ke kika ɓata wurin nan. Bar ta." Na ce to tana koyo? Ta ce wata uku na farko ko murfi ɗaya ba ta taɓa ba, tana zaune ne da hannu a naɗe, sai kwanan nan ta ga ta fara kallon na yaran da ke gefenta. Wata uku cikin biyar. Na dawo gida na zauna a kan keke na kasa taka shi. Na yi addu'a, na yi azumi, na yi wa Allah maganganun da daga baya na nemi gafara a kansu. Kullum ina ƙirga kwanakin da suka rage wa tsohuwar nan.

Ranar da ta ajiye aiki ana tsananin zafi, gab da Ista. Na je in yi mata godiya da ɗan yadin da na ɗinka mata. Na tambaye ta gaskiya tsakaninta da Allah. Ta ce, "Tana jera murafe yanzu, amma in na matso sai ta watsa su. Ban taɓa jin ta karanta da baki ba. Ban sani ba, ɗiyata. Da na sani da na faɗa maki." Ta ɗaure buhun murafenta a bayan mashin, aka tafi da ita. Hedimasta ya ce ba a turo wani ba, zango mai zuwa za a haɗa aji biyu da aji ɗaya.

Na biya kasuwa na sayi zare ba don ina bukata ba, don dai kada in koma gida da wuri. Wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni mangwaro biyu, na jefa a jaka. Duk hanya abu ɗaya nake juyawa. Na cire 'yata daga ajinta, na raba ta da ƙawayenta, na saɓa wa ubanta, na rasa muryarta a gidana, kuma ga ta da shekara goma sha biyu a aji biyun da ba malami. Ban san ta inda zan ɓullo ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Da na shiga gida ba ta tsakar gida. Na nufi kicin in ajiye jaka, sai na ga bangon. An yi rubutu da gawayi, manyan baƙaƙe a karkace, layin yana gangarowa ƙasa.

Mama ba na son ki. Kin ba ni kunya.

Hannuna ya kai ga takalmina kafin kaina ya kai ga abin da nake gani. Na tsaya da takalmin a hannu na sake karantawa. Babu malamin da ya rubuta wannan a allo, babu littafin da za ta kwafo shi. Amma zuciyata ta ƙi yarda, ta ce wataƙila wata ta rubuta mata a takarda ta zana. An riga an cuce ni da rubutu mai kyau, ba zan yarda da mummuna haka kawai ba.

Na saka mangwaron a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da ke bayan ƙofar kicin, wadda ba ma amfani da ita, na rufe da faifai. Na ɗauki gawayi na rubuta a ƙarƙashin nata: Na ji. Akwai mangwaro biyu a tukunyar bayan ƙofa. Naki ne. Sannan na shiga ɗaki na zauna a bakin gado inda nake hango kicin ta gefen labule.

Ta daɗe kafin ta shigo daga waje. Ta zo ne ta ga ko na goge, na gane daga yadda ta leƙa. Ta ga an ƙara layi, ta tsaya. Ta waiga, ba ta gan ni ba. Ta matsa kusa da bangon ta ɗora yatsa a kan baƙin farko, leɓenta na motsi. Ta kai tsakiya ta tsaya, ta koma baya ta sake farawa. Kalma ɗaya ta riƙe ta har na ji kamar in yi ihu in faɗa mata, na cusa bakin zanina a baki na danne. Ban san minti nawa aka yi ba.

Sai ta sauke hannu. Ta juya ta tura ƙofar kicin, ta sunkuya, na ji ƙarar faifai a kan bakin tukunya.

Ta shanye su duka biyun a tsaye, ruwan yana bin gwiwar hannunta, ni kuma ina bayan labule ina kuka ba sauti. Da ta gama ta wanke hannu, ta shigo ɗakin ta wuce ta gabana, ba ta ce mini komai ba.